Jinjina ga Harshen Damo, Gagara Kwamfuta

Duniya ba ta iya rabon rawani ba. An naɗa masu kuɗi, an naɗa 'ya'yan masu kuɗi, an kira waɗanda ko bunsuru ba su taɓa kayarwa ba da sunan barden yaƙi, amma ga gwarzo guda da ya shekara saba'in yana kai injuna mafi tsada ƙasa, har yau ko hula ba a ɗora masa ba. Harshen Damo nake nufi: uban ruɗu, kakan wataƙila, mai baki ɗaya zance biyu, mai ƙofa ɗaya zaure bakwai, wanda in ya nuna gabas sai mai hankali ya ɗaure guzurin yamma. Ranka ya daɗe, gagara kwamfuta, dodon masu bincike, hadarin da ke tasowa daga cikin kalma! Tun da maroƙa sun yi barci a kan haƙƙinka, bari mai alƙalami ya karɓi aikinsu.

Abin da ya ƙara wa tarihinsa armashi shi ne daga talauci ya taso. Muddin magana tana tsakanin mutum da mutum, ko tabarmar zama ba shi da ita. Idan uwar gida ta aiki yaro ya sayo gari, ba a taɓa jin ya tafi cinikin Funtuwa ba. Kunne ya ji jan wasali, ido ya ga tukunya a kan murhu, zance ya ƙare. In ma an rikice, akwai wata muguwar ɗabi'a ta 'yan Adam da ta daɗe tana tauye masa arziki, wato su dubi mai magana su ce, "Me kake nufi?" Da wannan 'yar tambaya aka yi ƙarni bayan ƙarni ana ci masa mutunci. Sai ga kwamfuta ta zo, baiwa mai ladabi, wadda ba ta ganin tukunya, ba ta jin jan wasali, ba ta kuma da rashin kunyar tambayar na gaba da ita abin da yake nufi. Ita dai a ba ta baƙaƙe ta jera, ta nemo inda irinsu suke, ta kawo. Ranar da mutane suka kwashe takardunsu da littattafansu da sunayensu da shari'o'insu suka damƙa wa wannan baiwa ajiya, ranar Harshen Damo ya hau gado, ya kuma ci gado.

Mulkinsa hannu biyu ne, kuma dukansu na kyauta. Da dama yakan ɗauki kalma ɗaya ya cusa mata ma'ana biyar, don haka in ka nemi abu ɗaya sai a haɗo maka da huɗu da ba ka roƙa ba. Da hagu yakan ɗauki abu ɗaya ya raba masa suna goma, don haka in ka kira shi da ɗaya, takardun da suka kira shi da sauran tara sai su yi lamo a cikin rumbu, su bar ka ka huta da karatu. Ko ya cika maka gida da tarkace, ko ya sallame ka da ɗan kaɗan, ba a dai taɓa barin fadarsa da abin da aka zo nema cif-cif ba, domin wannan aikin ƙananan sarakuna ne.

Ba a bar shi ya ci sarautar cikin ruwan sanyi ba. A watan Janairun 1954, a Amurka, kamfanin IBM da Jami'ar Georgetown suka tara 'yan jarida suka nuna musu inji yana juya jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Turanci, da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu shida. Aka yi shelar cewa nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar. Sarki bai ce uffan ba, damo ai da haƙuri aka san shi. A 1960 wani masani, Yehoshua Bar-Hillel, ya kawo wata 'yar jimla ta yara mai ɗauke da kalmar Turanci da ke nufin alƙalami, take kuma nufin ɗan shingen da ake sa jariri ya yi wasa a ciki. Jimlar ta ce akwati yana cikin abin. Kowane yaro ya san akwati ba ya shiga alƙalami, amma inji ba shi da hanyar sanin haka sai an ɗura masa sanin girman akwati da na alƙalami da na duk wani abu da ke duniya. A 1966 kwamitin da gwamnatin Amurka ta sa ya duba inda kuɗi suka shige ya miƙa rahotonsa, aka tsuke bakin aljihu. Akwatin wasan yara ya tarwatsa rundunar miliyoyin daloli. Wane sarkin yaƙi ne, daga Gobir har Barno, ya taɓa cin gari da makami mai araha haka?

Masana ma, da ba su cika yabon kowa ba, sun auna ƙarfinsa sun sa hannu. A 1987 wasu masu bincike huɗu a Amurka, cikinsu har da George Furnas da Susan Dumais, suka sa mutane su raɗa wa abubuwa suna, suka gano cewa damar mutum biyu su zaɓi kalma ɗaya ga abu ɗaya ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Wato mai ajiya da mai nema, a sau huɗu cikin biyar, sallama kawai ke haɗa su.

Amma yaƙin da ya fi cancantar a buga masa tambari shi ne wanda David Blair da M. E. Maron suka ba da labarinsa a 1985. Wasu lauyoyi ne ke riƙe da wata babbar shari'a, takardu kusan 40,000, shafi wajen 350,000, duk an zuba su cikin manhajar bincike ta IBM mai suna STAIRS. Lauyoyin suka ce ba za su daina nema ba sai sun gamsu cewa sun samo aƙalla kashi 75 cikin 100 na takardun da suka shafi kowace tambaya. Suka nema, suka nema, suka gamsu. Da aka zo aka auna, kashi 20 ke hannunsu. Ku dubi tausayi irin na manya! Ya ɓoye musu huɗu cikin biyar, amma bai bar su da zullumi ba, sai da ya haɗa musu da kwanciyar hankali kyauta. Sirrin kuwa ba wani asiri ba ne. Wani haɗari ne ya faru, lauyoyi suna neman kalmar haɗari. Masu zargi sun rubuta ta ɓaro-ɓaro. Waɗanda ake zargi kuwa, da yake mutanen kirki ne masu tauna magana, wani ya kira abin matsala, wani ya ce abin takaici, wani ya ce abin da ya faru makon jiya, wani ma bai wuce batun wasiƙarka ta baya ba. Takardun da suka fi kusa da laifin su ne suka fi nesa da sunansa.

A nan Bahaushe ya kamata ya gyara zaman hularsa, don abin da Bature ya yi da tsoron kotu mu tarbiyya ce a wurinmu. Wanda ya shiga rumbun jaridunmu yana neman labarin mutuwa da kalmar mutu, zai dawo da awaki, da batirin waya, da aure. Mutane kuwa ba sa mutuwa a rubutunmu: wani ya rasu, wani ya riga mu gidan gaskiya, wani ya kwanta dama, wani rai ya yi halinsa, wani wa'adi ya cika, wani ya ce ga garinku nan. Mai binciken almundahana kuma da zai kwashe saƙonnin wayar ofis guda ya nemi cin hanci, zai fito yana hawayen farin ciki, don zai tarar da al'umma tsarkakakkiya wadda ba ta san komai ba sai na goro, da alheri, da ihsani, da ɗan abin shan ruwa, da saƙon nan da muka yi magana. Wace hukumar wayar da kai ce ta taɓa wanke ƙasa tas haka?

Ƙananan nasarorinsa a ƙasashen waje ba sa ƙirguwa, sai dai a ɗan taɓo. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu, domin rariyar tace batsa ta hango wata ashar kwance a tsakiyar sunan garin. Gari guda ya kwana da laifin zagi bai buɗe baki ba. Wani mutumin Kaliforniya kuma ya zaɓi NULL ta zama lambar motarsa, kalmar da rumbunan bayanai ke ajiyewa a gurbin da babu komai. Sai takardun tarar da aka rubuta ba lamba suka gane ubangidansu, suka yi ta tururuwa zuwa gidansa har suka haura dala 12,000. Marayun takardu sun samu uba.

Wanda ya fi burge ni shi ne mubaya'ar da masana kimiyya suka yi masa da rana tsaka. Akwai ƙwayoyin halittar gado a jikin ɗan Adam da aka taƙaita sunayensu da SEPT2 da MARCH1. Manhajar Excel, hadima mai karambanin alheri, da ta ga waɗannan sai ta fahimci cewa masanin kwanan wata yake son rubutawa hannunsa ya goce, ta gyara masa: 2 ga Satumba, 1 ga Maris. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka duba maƙalu sama da 3,500 masu ɗauke da irin wannan jadawali, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar kalanda ta shige su. Aka yi gargaɗi, aka yi faɗakarwa. Da suka sake dubawa a 2021, adadin ya ɗan haura kashi 30 cikin 100, wanda ke nuna wa'azi yana da amfani, ko da ba ta fuskar da mai wa'azi ya nufa ba. Kafin nan, a 2020, kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya riga ya ɗaga tutar sallamawa, ya sauya wa guda 27 suna: MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1. Abin da ke cikin jinin ɗan Adam tun fil azal shi aka yi wa sabon suna, don kada a ɓata wa jadawali rai. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya sa maɓallin kashe wannan karambani, bayan an ci ragon suna an watse.

Duk wannan kilisa ce. Fadarsa ta gaskiya, inda ake yi masa hidima ba da bulala ba, tana ƙasar Hausa.

Tun ranar da aka tsara rubutun boko aka yanka masa gandu. Daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 har zuwa yau, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Malaman ajami, da ƙwaƙƙwafinsu, sukan ja wasali da alif ko wawu ko ya, amma boko ya fi ƙarfin wannan ƙananan aiki. Sakamakon ya yi albarka. Ɗalibin aikin gona da ke neman tarihin fari a Damagaram ko Katsina zai rubuta baƙaƙe huɗu, a buɗe masa taska biyar: farin da ke ƙone gona, farin da ke cinye ta, farin da ake shafa mai don a samu, farin da budurwa ke yi da ido, da ɗan fari. Ya zo neman ilimi ɗaya ya tafi da digiri biyar. Ma'aikata kuwa, mutanen ne ko ginin da suke hamma a ciki, inji ba ya nuna bambanci, don haka in an ce an ƙara wa ma'aikata kuɗi kowa na iya yin murna, har ranar albashi. Makaranta ma haka, ajin ne ko masu karatun. Idan kuma rahoto ya ce kwamiti ya kasa aikin, ba wanda zai iya rantsuwa ko rarraba shi ya yi kashi-kashi ko gazawa ya yi, kuma sau da yawa jimlar ta faɗi gaskiya ta fuska biyun, wanda ba ƙaramar fasaha ba ce.

Sai dai magabatan nan, bayan sun ba shi gandu, sun kuma yi masa wata ƙeta. A shekarun 1930 suka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, littattafai da jaridun Zariya suka yaɗa su. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, dattawa suna ta ɓata gumi don kawai a raba baki da baƙi, a raba kafa da ƙafa, a raba kare da ƙare. Shekara hamsin ana gina wannan ganuwa. Allah ya saka wa jaruman babban yatsa, matasa masu jini a jika, mayaƙan Facebook da WhatsApp, waɗanda suka rushe ta ba tare da sun tashi daga kan katifa ba. Kada wani ya rage musu lada da cewa rashin kayan aiki ne. Baƙaƙen nan suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, allon rubutun waya kuma yana da Hausa, ɗan danne harafi na daƙiƙa guda ya isa ƙugiya ta leƙo. Sun gani, sun kau da kai. Wannan ita ce sadaukarwa.

Ga kaɗan daga ganimar da suka kawo fada. "An bata kudi." Ko an ba wata baiwar Allah kuɗi ne, ko an ɓarnatar da su, mai binciken asusu ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙin barci. "Gwamna ya karbi baki." "Taro ya kare." Kalmar kasa ita kaɗai ta zama tarayya: ƙasar haihuwa, ƙasar noma, ƙasan tebur, gazawa, tallan tumatir kashi-kashi, da macijiyar nan mai barci. Waɗanda kuma zuciyarsu ba ta yarda su jefar da ƙugiya gaba ɗaya ba, sai kowa ya ƙera tasa: wannan ya rubuta k'asa, wancan 'kasa, na gaba qasa, har aka samu masu ƙarin himma da suka kori z ba laifin tsaye ba na zaune, suka ce xan xo. Kalma ɗaya, riga huɗu, kuma a manhajoji da yawa kowace riga baƙuwar 'yar'uwarta ce. Kyawun tsarin shi ne hukuncin yana faɗawa inda ya dace. Mai taurin kan da ya rubuta ƙasa daidai, shi ne rubutunsa ke iya ɓuya wa dubban da ke nema da kasa. Ya so ya fi jama'a, an bar shi da iliminsa.

Kalmar 'ya'ya kuwa gimbiya ce a wannan fada. A Nijeriya da ɗan waƙafi a sama, a Nijar da ƙugiya, ƴaƴa. Waƙafin ma iri-iri ne, akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe, ido yana ganinsu ɗaya, inji yana ganin ƙabilu daban-daban. In an gaji aka yar da shi, sai ta koma yaya, ta haɗe da babban wa da tambayar lafiya. Iyali guda a kalma guda, wane zumunci ya fi wannan?

Da yake kuma sarkin ba ya ƙyamar baƙi, ya ƙulla mana auratayya da Turanci ba sadaki. Mai sha'awar girkin fate, in bai yi dogon bayani ba, za a ba shi darasi kan ƙaddara. Mai neman dare a ba shi ƙalubale, mai neman rage a ba shi fushi. Mai neman mace kuwa ana iya miƙo masa sandar majalisa, irin wadda aka sunkuce daga zauren Majalisar Dattawa a watan Afrilun 2018, ita ma dai abar so ce da ake gudu da ita.

Sai mu zo kan sunaye, inda alherinsa ya fi taɓa talaka kai tsaye. Duniya ta yi ta mamakin Gaddafi na Libiya, wanda Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya tara wa sunansa rubutu iri 32, gidan talabijin na ABC kuma ya lissafa 112 a 2009. To, shi shugaban ƙasa ne. A wurinmu wannan gata na kowa da kowa ne. Bawan Allah ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a fasfo, Mamman a unguwa, in ya tsallaka Maraɗi ya zama Mahamadou. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba, shi ne Bukar. Fom ya nemi sunan iyali, abin da yawancinmu ba mu gada ba, sai a cike gurbin yau da sunan uba, gobe da na kaka, jibi da na gari, gwargwadon yadda magatakarda ya tashi daga barci. Asma'u da Sa'adatu da Mas'udu kuma, akwai fom ɗin da ba ya son ɗan waƙafin nan nasu, sai a yi musu kaciyar suna nan take. A gefe guda ga Musa Ibrahim dubu nawa, da yawansu an haife su ranar 1 ga Janairu, rana mai albarka da mata suka fi haihuwa a cikinta a takarda. Mutum ɗaya ya zama biyar, mutum ɗari sun zama ɗaya.

Aka ce lamba za ta raba gardama. Aka kawo lambar banki ta BVN a 2014, ga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Disambar 2020 kuma aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN. Sai rumbu ya dubi rumbu, Mohammed ya dubi Muhammadu, kowa ya ce bai san wani ba. Mahassada suna kiran wannan wahala. Su je su ƙirga bakunan da ke ci daga cikinta: mai buga takardar rantsuwa a bakin kotu, mai hoto, mai fotokwafi, shafin canjin suna a jarida, mai sayar da ruwan leda a bakin layi, da ɗan acaɓan da ke kai tsoho ɗan fansho tantancewa karo na uku don ya tabbatar wa inji cewa shi ne shi. Wasali ɗaya, o ko u, yana ciyar da unguwa. Wane shirin samar da aikin yi ne ya taɓa kaiwa nan? Don cikar ladabi kuma, NIN lamba 11 ce, BVN 11, lambar waya 11, saboda kada lissafi ya yi wa harshe gori.

Garuruwa ma ba a bar su a baya ba. Cikin ƙananan hukumomi 774 akwai sunaye shida da aka yi musu tagwaye a jihohi daban-daban, ciki har da Nasarawa ta Kano da Nasarawa ta jihar Nasarawa, da Bassa ta Filato da ta Kogi. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa, garin da ba shi da su bai cika gari ba. Da Turanci, jihar Neja da Jamhuriyar Nijar da kogin Kwara duk suna ɗaya suke amsawa, don haka mai neman farashin gero a Yamai yana iya ƙarewa a Minna, ya ga gari.

An ce yanzu zamaninsa ya ƙare, wai injuna sun koyi duba kalma da maƙwabtanta. Gaskiya ne sun ƙara wayo. A 2019 Google ya fara amfani da wani tsari mai suna BERT don ya fahimci jimla gaba ɗayanta, bayansa kuma ga ƙirƙirarriyar basira mai hira da mutum. Amma sarki ya taɓa jin irin wannan shela a 1954. A 2017 ma wani Bafalasɗine mai aikin gini ya sa hotonsa jikin katafila a Facebook ya yi gaisuwar safiya da Larabci, injin fassara ya mayar da ita kira ga kai hari, 'yan sandan Isra'ila suka kama shi suka yi masa tambayoyi na sa'o'i, ba a samu mai jin Larabci ya karanta ba kafin kamun, domin duba aikin inji rashin yarda ne. Sabbin injunan kuwa sun zo da wata kyakkyawar tarbiyya da tsofaffin ba su da ita. Tsohon inji in ya rasa yakan ce bai samu ba, ya kunyata kowa. Na yanzu kamar ɗan kamasho yake a tasha, duk garin da ka ambata motarsa can za ta. Zai zaɓi ma'ana ɗaya cikin biyar, ya yi mata ado da lafazi mai daɗi, ya miƙo maka ba ko gezau. Hausar da ya koya kuma daga ina? Daga abin da muka zuba a intanet, da kasa da qasa da xan xo. Mun shuka, yana girbe mana, yana kuma dawo mana da iri.

Ba a rasa 'yan tawaye, kuma wajibi ne a fallasa su. Akwai ma'aikatan ɗakin karatu, masu tsare wa kowane batu suna guda su ce da shi za a ajiye, da shi za a nema. Akwai masu shirya ƙamus tun daga Bargery, wanda ya tara kalmomi kusan 39,000 a 1934, har zuwa malaman Jami'ar Bayero da suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Akwai masu zaman dare a Wikipedia suna buɗe shafi musamman don raba masu suna ɗaya, da Wikidata da ORCID, waɗanda tun 2012 suke raba wa abubuwa da masu bincike lambobi don kada a ɗauki wani a ce wani ne. Akwai editan da zai dawo maka da rubutu saboda ƙugiya ɗaya. Aikinsu na da cin rai, ba ya fita a talabijin, ba a yanka masa kintinkiri. Alhamdu lillahi, mun san yadda ake maganinsu: ba a ba su kasafi.

Saboda haka ina kira ga masu ruwa da tsaki da su riƙe amanar wannan sarauta. Gidajen jarida su ci gaba da tsimin albashin mai gyaran rubutu. Ofisoshi kada su kuskura su tambayi mutum yadda yake rubuta sunansa, magatakarda ya fi shi sani. Masu ƙera manhaja su ci gaba da gwada ta da sunayen Turawa, in ta karɓi John ta karɓi kowa. Malaman makaranta su bar ƙa'idojin rubutu sai daren jarrabawa. Kai kuma mai karatu, in ka ga ɗanka ya danne harafi a waya yana jiran ƙugiya ta fito, ka karɓe wayar tun abin bai zame masa jiki ba.